Gishirin da Na Zuba da Gangan

Wata daga cikinku ta rubuto mini a ƙasan labarin wancan makon, wai in daina wahalar da kaina, in auri likitan haƙorin nan in huta. Na gode, 'yar'uwa. Bakinki ɗaya da na Gwaggona, da za ku haɗu da an sha hira. Amma ki tsaya ki ji abin da na tafka ranar Laraba tukuna, sannan ki faɗa mini ko irina ce shawara ke shiga kunnenta.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: ni kuku ce. Shekarata shida a tsaye gaban wuta a wani gidan abinci mai tebur ashirin da biyu, hannuwana duk tabon mai da na wuƙa. Babban kukunmu, wanda muke kira Tsoho, zai ajiye aiki ƙarshen watan nan saboda gwiwoyinsa sun gaji, kuma mu biyu ake dubawa a damƙa wa ɗaya kicin ɗin: ni da wani mutum da kowa ke ce wa Alƙali. Ba shari'a ya karanta ba. Yadda yake yanke wa tukunyar mutane hukunci ne ya jawo masa sunan, kuma kotunsa babu ɗaukaka ƙara.

Tsoho yana da doka guda wadda ko Madam, mai gidan abincin, ba ta isa ta taɓa ba. Babu tukunyar da za ta fita wurin baƙi sai wani kuku, ba wanda ya dafa ta ba, ya ɗanɗana. In ta yi, sai ya buga cokalinsa sau biyu a bakin tukunyar kowa ya ji. Daga nan an rufe magana: wanda ya dafa ba zai ƙara ko ƙwayar gishiri ba, wanda ya buga kuma ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Ni nake ɗanɗana ta Alƙali, shi yake ɗanɗana tawa. Haka muka yi shekara uku, kullum da faɗa.

Bai taɓa buga mini tukunya a karon farko ba. Sai ya zaro cokalin nan nasa mai lanƙwasasshen hannu daga aljihun hannun rigarsa, ya tsoma, ya lumshe ido, ya yamutsa fuska kamar an ɗura masa magani, sannan ya ce, "Barkono, wa ya ɓata miki rai yau? Miyar ma ta ji a jikinta." Barkono yake ce mini, wai saboda bakina. In na tashi daga aiki kuma saƙo ya biyo ni a waya: "Lemun tsaminki ya yi gaba ya bar kifin a baya." Ko kuma: "Albasar yau da kin ƙara mata minti biyu da ban sami abin faɗa ba. Allah ya rufa mini asiri ba ki ƙara ba."

Saƙonnin nan ɗari uku da 'yan kai suna nan a wayata, ban goge ko ɗaya ba. Ku yi mini dariya in kun ga dama. Wasu matan ana rubuta musu kalaman soyayya, ni laifin albasa ake lissafa mini, kuma wallahi ban taɓa jin wani yana kallona da gaske ba sai a cikin waɗannan saƙonnin. Ina sonsa. Ban taɓa furtawa ba, shi ma bai taɓa ba, amma mutumin da ba ruwansa da ke ba zai san bambancin miyarki ta Litinin da ta Talata ba.

Wata huɗu ke nan da ya daina. Ya yi wata mura mai zafi da ta kwantar da shi mako biyu, kafin ya dawo kuma an ɗauki sabuwar mai yin kek da kayan zaƙi. Ni na sa mata Alewa a zuciyata, rannan ya suɓuce mini a baki, sunan ya bi ta. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da kyau. Muryarta ƙasa-ƙasa, hannunta babu tabo ko ɗaya, kullum da ɗan fulawa a kumatu, wanda ni dai har yau ban yarda ba da gangan take shafa shi ba. Tun da ta zo, Alƙali ya zama wani mutum. Ya zo tukunyata ya tsoma cokali ya ce "Ta yi," ya buga ya wuce. Babu tsiya, babu saƙo. Ita kuwa, kafin ya kira ni in ɗanɗana tasa tukunyar, sai ya ɗebo a cokalinsa, ya tara hannu a ƙasa, ya lallaɓa har kusurwarta. Ta kurɓa, ta raɗa masa wani abu a kunne, ya dawo ya ɗan gyara miyar. Da cokalin da ko Tsoho bai taɓa riƙewa ba.

To, ranar Laraba.

Na fito daga wanka na tarar da Gwaggo, ƙanwar Abba, zaune a bakin gadona tana jujjuya farar rigar aikina da na goge na rataye a jikin ƙofar sif. Kwana ɗaya ta zo yi mana, yau mako na uku.

"Ke kullum cikin fari kamar 'yar aikin asibiti," ta ce. "Ga likita yana binki, da kin amsa sai ku riƙa fita kamar tagwaye."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau, in kin bar ni na kwana. Shekara ashirin da tara kina dafa wa mazan wasu abinci. Naki mijin yana ina, yunwa tana cinsa?"

Na zauna gaban madubi na ja kwalli a hankali, abin da ba na yi in zan shiga kicin, domin tururi yana narkar da shi. Na buɗe akwati na tono wani tsohon mayafi ruwan toka mai bakin zare. Bara na taɓa yafa shi, Alƙali ya dube ni ya ce tsumman goge tebur ya gudu daga kicin ya hau kaina. Shi na yafa. Kun ga inda lamarin ya kai ni: ina kwalliya don a zage ni.

Wayata ta yi ƙara a kan matashi. Kafin in kai hannu Auta, ƙanwata, ta riga ni, ta miƙe tsaye a kan katifa tana karanta saƙon likitan da muryar mai labarai.

"Barka da asuba, gimbiyar girki. Na cinye abin da kika aiko jiya tas, har na suɗe kwanon. Hannunki akwai albarka." Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Yaya, shinkafar da na ƙona ce fa. Umma ta ce a zuba a kai masa da sunanki."

"Ba ni wayata."

"Mijin rufin asiri ke nan," in ji Gwaggo. "Ko dutse kika dafa masa zai ce ya yi laushi. Me mace take nema da ya wuce haka?"

Likitan haƙorin nan ba shi da laifi, kada ku ce na ɓata shi. Yana da kunya, yana da tsabta, yana gaida Umma har ƙasa. Amma mutumin da ba ya bambance girkina da na Auta, ta ina zai gane ranar da raina ya ɓaci?

Abba yana falo da kofin shayinsa da jarida. Ya sauke tabarau ya ce in zauna.

"Ba zan zaɓar miki ba, kin san halina. Amma ba na son a riƙa ja wa ɗan mutane rai. Wata biyar yana zarya gidan nan. Ranar Juma'a ina son in ji e ko a'a."

"To, Abba."

Umma tana tsaye a bakin ƙofar kicin ɗinta da ludayi a hannu. Ta daɗe tana kallon mayafin nan da kwallin idona.

"Ko akwai wani ne?" ta ce. "In akwai ki faɗa, ya fito mu gan shi."

Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmi. Me zan ce mata? In ce akwai wani, Umma, kuma babbar shaidata ita ce a da yana kushe mini miya? Na ce na makara, na ɗauki jakata na fita. A cikin mota na buɗe saƙonsa na ƙarshe na karanta, kamar yadda nake yi kowace safiya. Kalma shida ne: "Tafarnuwar yau ta cika surutu, Barkono." Daga shi babu wani.

Ƙarfe tara na shiga kicin. Ya riga ni zuwa, yana wasa wuƙa a gefen famfo. Na wuce ta gabansa a hankali, har na tsaya ina neman abin da ban yar ba, don dai ya ga mayafin.

"Barka da zuwa," ya ce.

Barka da zuwa. Kamar wata baƙuwa mai kawo kayan miya.

Na canza riga na ɗaura ƙyallen gaba na kama aiki. Miyar ranar tawa ce ta kifi da lemun tsami, tasa ta kaza da ganye. Madam ta riga ta sanar cewa cikin makon nan za ta zo cin abincin rana ba tare da ta faɗi ranar ba, ta sha miyar kowannenmu, daga nan ita da Tsoho su yanke wanda za a ba kicin. Kowa ya ɗauka Juma'a za ta zo, domin ita ce ranar da ta saba leƙowa. Na soya albasa har ta yi ruwan zuma, na zuba romon ƙashin kifi da na dafa tun jiya, na rage wuta. Da na ɗanɗana na san ta yi. Irin miyar nan ce da a da zai yi minti guda yana neman laifinta, in ya rasa ya ce kwanon ne bai yi masa ba.

Sha ɗaya da kwata na ɗago kai, sai na gan su. Ya kai mata cokali kamar kullum, ta kurɓa, ta yi masa raɗa. Wannan na saba haɗiye shi. Amma yau da ta gama, sai ta goge cokalin da gefen ƙyallenta, ta kama hannun rigarsa da yatsu biyu, ta soke masa shi a aljihu da kanta. Har da ɗan bubbuga wurin. Shi kuma ya tsaya mata kamar yaron da ake shirya wa tafiya makaranta.

An ce kishi kumallon mata, in ya motsa sai an haras. Nawa a tukunya na harar da shi. Na kai hannu cikin kwanon gishiri na damƙo cike da tafi na watsa. Na ƙara na biyu. Na ƙara na uku, na juya da ludayi har ya narke. A raina na ce ina da sauran romo a firij, minti arba'in ya ishe ni in sake wata kafin baƙi su fara neman miya. Abin da nake so kawai ya tofar, ya zaro ido, ya ce, "Barkono, teku kika kwaso mana?" Ya zage ni a gaban kowa, a gabanta, ta ji yadda yake yi wa wadda ya damu da ita magana.

"A zo a ɗanɗana," na ce da ƙarfi.

Ya zo. Ya zaro cokalin da ta soke masa, ya tsoma, ya kai baki. Na harɗe hannu ina jira.

Ya haɗiye. Ko gira bai ɗaga ba.

"Ta yi," ya ce, ya buga bakin tukunyar sau biyu.

Da farko raina ne ya yi baƙi ƙirin. Na ce wato rainin ya kai ko kula abin da ke bakinsa ba ya yi in dai nawa ne. Har na buɗe baki zan yi masa tatas. Sai na tuna kafin ya buga sai da ya saci kallon kusurwar Alewa, ita kuwa ta ba da baya tana ciro kek daga tanda. Miyar nan ko jaki aka ba sai ya yi tari. Babu ɗan Adam mai harshe da zai haɗiye ta fuskarsa ba ta motsa ba, komai iya shariyarsa.

Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini. Ranar da madara ta ƙone a bayansa, ƙauri ya cika kicin, shi kaɗai bai juyo ba. Yadda ya daina shan baƙin shayinsa mai ɗaci da yake taƙama da shi. Yadda ya rame. Murar nan ta tafi da harshensa da hancinsa, wata huɗu ke nan, ni kuma da nake cewa na fi kowa saninsa ina can ina ƙirga fulawar kumatun wata.

Ban gama haɗa wannan ba sai ga shugabar masu kai abinci ta banko ƙofa tana haki.

"Madam ta iso, ita da baƙi biyu. Tebur na bakin taga. Ta ce a fara kawo miya, kowacce kwano uku."

Tsoho ya taso daga kujerarsa yana ɗingishi. "Wacce aka buga?"

"Ta kifi," wani ya ce. "Yanzu muka ji."

Da kansa ya ɗauki ludayi, abin da ya daɗe bai yi ba, ya jera kwanuka uku a kan tire ya fara zubawa. Ya yayyafa ganye, ya goge bakin kowane kwano da tsumma. Ni kuwa ina tsaye ina lissafi. In miyar nan ta fita, za ta dawo, Madam ta tambayi wa ya dafa, ta kuma tambayi wa ya buga. In na tsayar da ita, Tsoho zai ɗanɗana, tambayar dai ita ce. Ni a ce na yi kuskuren hannu, a yi mini faɗa a wuce. Shi kuwa kukun da ya haɗiye wannan ya ce ta yi, ba kicin ɗin nan kaɗai zai rasa ba. Labari zai zaga, babu gidan abincin da zai sake ba shi ko wuƙar yanka albasa.

Kuma ga gaskiyar da ban so in rubuta ba: na hango kicin ɗin a tafin hannuna. Shiru kawai zan yi.

Mai kai abinci ta ɗaga tiren.

"Ajiye," na ce.

Kowa ya juyo. Tsoho ya dube ni, ya dubi kwanukan, ya ɗauki ƙaramin cokali ya kurɓa. Bai kai ga haɗiyewa ba ya juya ya tofar a kwandon shara, ya kurkure baki da ruwa. Sannan ya juya a hankali, ba wurina ba, wurin Alƙali.

"Kai ka buga wannan?"

Na ga leɓen Alƙali yana motsi. Na san shi, gaskiya zai faɗa, ya kashe kansa a tsaye.

"Bayan ya buga na ƙara," na ce. "Na ga kamar gishirin bai ji ba, na kai hannu, murfin kwanon ya suɓuce."

Kowa a wurin ya san abin da na faɗa ya fi zuba gishiri muni.

"Kin taɓa tukunyar da aka buga," in ji Tsoho.

"E, Baba."

"Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Na ga mai ƙona abinci, na ga mai fasa kwano, duk na zauna da su. Amma wanda ba ya iya riƙe hannunsa ba zai riƙe kicin ba." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ya daka mini tsawa da ya fi mini sauƙi. "Ni na kawo ki nan, da bakina na yabe ki wurin Madam. Cire ƙyallen ki fita waje."

"Baba, ba haka..." Alƙali ya fara.

"Kai kuma ka rufe mana baki," na katse shi. "Ka ci takarar, ba shi ke nan ba? Sai ka haɗa da wa'azi?"

Na kwance ƙyallen na ajiye a kan katakon yanka. Ina fita na ji Tsoho yana cewa Alewa ta ɗanɗana ta kaza tunda ni ba na nan. Na ji bugu biyu a bakin tukunya. Ko a wannan halin sai da abin ya soke ni.

Bayan kicin akwai wani ɗan fili inda ake jera tukwanen gas da akwatunan kayan lambu da aka juye. Na kifa akwati ɗaya na zauna a inuwar katanga. Kwallin da na ɓata lokaci ina ja ya gangaro har haɓa, na goge da mayafin, ya zama tsumman da aka ce. Waya ta yi ƙara, likita ne: "Allah ya sa aiki yana tafiya lafiya, gimbiya." Na kifa ta a cinya.

Sai da aka yi kusan minti arba'in sannan ƙofar baya ta buɗe. Ya fito ya tsaya a gabana, hularsa ta aiki a hannu yana murza ta.

"Ba ki ƙara komai ba bayan na buga," ya ce. "Ina kallonki."

"Wata nawa?"

Ya kawar da kai.

"Na ce wata nawa?"

"Huɗu. A asibiti an ce ɗanɗanon zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa." Ya zauna a kan tukunyar gas. "Komai kamar ruwan ɗumi yake a bakina, Barkono. Da ido nake girki, da ƙwaƙwalwa, da abin da hannuna ya saba."

Rabon da ya kira ni da sunan nan har na manta. Na danne abin da ya taso mini, domin akwai tambayar da ta fi ƙona ni.

"Ita ta yaya ta sani?"

"Ranar da na dawo ta ga na zuba lalatacciyar madara a shayi na shanye. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce in riƙa kawo mata tana gaya mini abin da ya rage."

"Wata huɗu kana girki da harshenta." Na nuna kaina da yatsa. "Ni ina nan, taku uku tsakanin murhuna da naka. Shekara uku ina shan miyarka, na san hannunka fiye da yadda ka san shi. Ba ka ga ya dace ka faɗa mini ba sai wadda ta zo jiya?"

"Da ke nake takara."

"Wato ka ɗauka zan tona maka asiri."

"A'a. Na san abin da kika yi yau shi za ki yi. Za ki janye ki bar mini, ni kuma ba na son kicin ɗin sadaka daga hannunki." Ya murza hular. "Ga shi duk da haka sai da na karɓa."

"To tawa tukunyar fa? Kullum ta yi, ta yi. Ita ma kana kai mata a ɓoye?"

"Taki ban taɓa kai wa kowa ba. Tukunyarki kaɗai nake bugawa ido rufe, domin ban taɓa jin tsoron abin da zai fito daga cikinta ba. Duk tsiyar da nake yi miki a da, sai na yi da gaske nake samo ta." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ban san za ki haɗa mini tarko ba. Me ya kai ki?"

"So nake ka zage ni."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Na ga lokacin da ya gane, na ga kuma bai yi farin ciki ba. Wannan ya kamata ya gargaɗe ni, amma bakina ya riga ya ɓalle.

"Daga gobe ni ce harshenka," na ce. "In Tsoho ya bar ni na dawo, ko wanke-wanke aka sa ni, ni za ka riƙa kawo wa. Kicin na bar maka shi, ban yi da-na-sani ba. Amma cokalin nan kada in sake ganinsa a hannunta. Kuma Abba ya ba ni zuwa Juma'a in ba shi amsa a kan wani. In kana da magana, yau ce ranarta."

Ban taɓa zubar da ajina haka a gaban namiji ba. Na jira. Wata mota ta wuce a bayan katanga, ya bi ƙararta da kunne kamar a can amsar take.

"Da kin faɗi wannan kwana goma da suka wuce," ya ce.

"Me ya faru kwana goma da suka wuce?"

"Wata huɗu tana rufa mini asiri, ba ta taɓa neman komai ba. Makon jiya ta tambaye ni ko tana da wani matsayi a wurina ban da ɗanɗana miya. Na dubi abin da ta yi mini, na kasa ce mata babu." Ya sunkuyar da kai. "Ranar Asabar zan je in gaida mahaifinta. An riga an faɗa masa."

Na damƙe bakin mayafina.

"Kana sonta?"

"Ta yi mini halacci."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Sai ƙofar ta sake buɗewa. Alewa ce, da fulawarta a kumatu. Ta dube ni da tausayi, wanda ya fi mini zagi ciwo, sannan ta juya wurinsa ta yi magana da muryar nan tata mai sanyi.

"Madam tana nemanka a ofis, ita da baƙinta. Fuskarta da fara'a." Ta miƙo hannu. "Ka bar cokalinka a kan tebur, na wanke maka."

Ya miƙe. Ya tsaya tsakanina da ita na ɗan lokaci, sannan ya karɓa ya bi ta suka shiga.

Zan so in ce muku na zauna na yi musu fatan alheri. Ban yi ba. Abin da ya zo mini shi ne, duk duniya mu uku muka san maganar nan, kuma jimla ɗaya a kunnen Tsoho za ta wanke ni, ta dawo mini da kicin ɗina, ta bar Alewa da mijin da ba shi da aiki. Wannan jimlar dai kuma ita za ta kashe mutumin da nake so. Na tashi na kakkaɓe siket ɗina, na gyara mayafi, na shiga ta ƙofar baya na bi ta gefen firij har ɗan ɗakin da Tsoho yake hutar da gwiwoyinsa. Na ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba. Akwai abin da ban faɗa maka ba."

"Shigo," ya ce.

Na kama hannun ƙofar na murɗa, kuma wallahi har lokacin ban san abin da zai fito daga bakina ba.